Mai gida ya ce ba ya ba mai kare haya, ta ina zan ɓullo masa?

Mai tambaya (an ɓoye suna)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, musamman daga masu gidajen haya da dillalai da malamanmu da ke cikin wannan zaure.

An yi mini canjin wurin aiki daga Bukuru zuwa Kaduna. Aikina haƙar rijiyar burtsatse ne, in muka fita ƙauyuka sai mu yi makonni ba mu dawo ba, iyali kuwa su kaɗai nake bari, uwargida da yara ƙanana uku. Muna da kare, sunansa Duna, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannunmu, yanzu shekararsa huɗu. Karen gida ne baƙi, ba irin manyan nan na Turawa ba. Bai taɓa shiga ɗaki ba, bai taɓa cizon kowa ba, kuma duk shekara ana yi masa allura. Don gadi kawai muke riƙe da shi. Bara ɓarayi sun haura gidaje a layinmu suka tsallake namu, kuma ba na shakkar cewa bayan kiyayewar Allah haushinsa ne sanadi.

Na samu gida a wajen Rigachikun, da katangarsa da get ɗinsa, babu wani ɗan haya da za mu haɗa tsakar gida da shi. Bayansa fili ne da gonaki. Kuɗin ya yi mini daidai, makarantar yara ba nisa. Mun gama magana da dillali har an sa ranar biya, sai na ga bai kamata in yi shiru ba, na ce masa ina da kare. Washegari ya kira ni ya ce Alhaji ya ce a nemi wani, shi ba ya ba mai kare gidansa. Na tambayi dalili, ya ce Alhaji bai faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. Alhajin dattijo ne, ban taɓa ganinsa ba, komai ta hannun dillali ake yi.

Uwargida ta ce ba za ta iya kwana a bakin daji daga ita sai yara babu karen ba. Ni kuma ba na so gidan ya kuɓuce mini. Ta yaya zan tunkari wannan bawan Allah? Akwai wanda ya taɓa shawo kan mai gida a irin wannan? Na gode.

Abu Safwan

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka kai karen ƙauye ka ba wani manomi, ka ɗauki maigadi. Gidan da ke da kare mala'ikun rahama ba sa shiga. Alhaji ma taimakonka ya yi.

Ɗan Kawo

Ka ce wa dillali ka rabu da karen, ka biya ka karɓi makulli. Bayan wata guda ka kawo abinka da daddare. In kuɗi ya shiga aljihun mai gida sai kuma shekara ta zagayo.

Baba Alhaji, Tudun Wada

Yaro, kada ka saurari shawarar da ke saman tawa. Ina da gidajen haya tun zamanin da ake biya wata-wata, kuma babu abin da ke ɓata tsakanin mai gida da ɗan haya irin a gano ka yi ƙarya tun ranar farko. Daga nan ko famfo ne ya lalace ka zo da magana, ba zai ƙara gaskata ka ba. Ka riga ka yi mai wuyar, ka faɗi gaskiya kafin ka biya. Kada ka zubar da wannan.

Bari in gaya maka abin da ke zuwa ranmu in aka ce ɗan haya yana da kare. Ranar da za a bugo mana waya muke hangowa. Kai baƙo ne a unguwar, shekara biyu ko uku ka tattara kayanka ka tafi. Ni gidan nawa ne har in mutu 'ya'yana su gada, kuma maƙwabtan nan da su zan ci gaba da haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza. In karenka ya yagi ɗan wani, babu mai cewa karen ma'aikacin burtsatse, cewa za a yi karen gidan Alhaji wane, kuma ni mai unguwa zai aiko wa. Sai ɓarna: ƙofar katako da aka kakkarce, ramuka a gindin katanga, zarnin fitsari da ya kama siminti wanda ko an wanke sai damina ta tayar da shi, ga kaska da ke shigewa tsagar bango. Na taɓa karɓar gida daga hannun mai karnuka, na yi feshi na sake fenti, duk da haka masu zuwa dubawa suna jin labari a bakin maƙwabta sai su fasa. A garin nan akwai wanda ba zai shimfiɗa darduma a tsakar gidan da kare ya zauna ba, ko me malamai suka ce masa. Wannan ma asara ce a wurin mai gida.

To ka ga dalilan suna da yawa, kai kuwa ba ka san wanne ne na Alhajinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dillali ba zai nemo maka amsar ba, la'adarsa yake so, kuma ya fi masa sauƙi ya kawo wani marar kare. Ka nemi ganin Alhaji da kanka. Kada ka je kai kaɗai, ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa, ko limamin masallacinsu ko wani abokin kasuwancinsa. Ku je gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce ka ji saƙonsa kuma gidansa ne, yana da iko. Sannan ka roƙe shi ya gaya maka abin da yake gudu, ka yi shiru har ya gama. Kada ka buɗe baki da zancen ƙarin kuɗi, dattijo zai ji kamar ka zo sayen ra'ayinsa. Kada kuma ka je masa da hadisi ko da kai ne da gaskiya, babu mai furfurar da zai so yaro ya zo har gida ya karantar da shi.

Maman Iman

Ni a matsayin maƙwabciya zan yi magana. Duk mai kare cewa yake nasa ba ya cizo. Haka maƙwabcinmu yake faɗa, har ranar da aka bar get a buɗe ana shigar da mota, karen ya fito ya kama 'yata a ƙafa tana dawowa daga Islamiyya. Da muka nemi katin allura sai aka fara kame-kame. Mu muka yi ta zaryar asibiti ana yi mata allurai, ga tsada ga tashin hankali, kuma har yau in ta ji haushi sai ta ƙanƙame ni. Mutumin ba mugu ba ne, sakaci ne na ɗan lokaci.

Don haka Malam, kafin ka je wurin Alhaji ka fara amsa wa kanka wannan. In kana daji wurin aiki, wa zai ɗaure shi in almajiri ya yi sallama, ko ɗan garuwa ya turo kura, ko 'yan wuta suka zo duba mita? Matarka tana iya riƙe shi? Yana jin maganarta kamar yadda yake jin taka? In amsar a'a ce, Alhaji ya fi ka gaskiya.

Mai tambaya

Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, Hajiya. Uwargida ce take ba shi abinci, ya ma fi jin maganarta. Da rana a ɗaure yake, sai bayan isha'i ake sakinsa. Amma maganar get ɗin nan ta shige ni sosai. Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, zan nemi wanda zai raka ni.

Likitan dabbobi, Zariya

Tsoron da mutane ke yi wa cizon kare yana da tushe, kada ka je ka nuna wa Alhaji kamar ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Har zuwa kashi 99 cikin 100 daga kare suke kamuwa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ciwo ne da allura ke tarewa, kuma kai da ka zauna a Bukuru kana maƙwabtaka da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take nan tun 1924, inda ake haɗa allurar rigakafin karnuka a ƙasar nan. Ana fara yi wa kare tun yana wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara.

Ka ce ana yi masa allura. Katin yana hannunka, da kwanan wata da sa hannun likita da hatimi? In yana nan ka tafi da shi, ka bar wa Alhaji kwafi. In ya ɓata, ka kai karen asibitin dabbobi a sake yi masa a buɗe sabon kati kafin ku tashi. A haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, domin abin da Baba ya faɗa a kan kaska gaskiya ne, tana iya daɗewa a tsagar bango bayan kare ya bar gida. Ina kuma ba ka shawarar a yi masa fiɗiya in ba a yi ba. Namijin da ba a fiɗiye ba, da zarar ya ji ƙanshin karya a unguwa zai nemi hanyar fita ko ta ƙarƙashin get ne, kuma a irin wannan yawon ake faɗa da karnukan da babu mai yi musu allura. Fiɗiya ba ta hana shi gadi.

Inda zan ɗan saɓa maka shi ne ɗaurewa da sarƙa yini guda. Karen da ke wuni a gajeriyar sarƙa cikin rana ya fi saurin fushi da yawan haushi, kuma sarƙa tana tsinkewa. Ka gina masa keji mai faɗi da inuwa a kusurwar baya, nesa da tagar maƙwabta, a yi wa ƙasan siminti mai ɗan gangare zuwa kwata don wanki ya yi sauƙi, a sa ƙofa mai sakata. Ƙa'idar gidan ta zama ɗaya wadda har ƙaramin yaro zai haddace: ba a buɗe get sai an tabbatar Duna yana ciki an sa sakata. Ka zana wannan a takarda ka nuna wa Alhaji inda kejin zai zauna, ka ce da kuɗinka za ka gina, kuma ranar tashi ka rushe ko ka bar masa, yadda ya ga dama.

Ka kuma gaya masa gaskiya cewa makonnin farko karen zai yi haushi fiye da yadda ya saba, saboda baƙon wuri ne, kafin ya gane motsin unguwar. Gara ya ji daga bakinka.

Ga kowa da ke karantawa: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura magani a gida. Karen kuma kada a kashe shi nan take in ana iya tsare shi, a killace shi a sa masa ido kwana 10.

Malam Na Zaure

Bismillah. Tunda an kawo maganar addini, bari a faɗe ta cikakkiya. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Don haka ajiye kare don gayu, a ɗora shi a kujera a kwana da shi a ɗaki, wannan ba namu ba ne. Abin tambaya shi ne karen gadin gida, ko yana bin hukuncin ukun nan. Malamai sun yi saɓani. Wasu sun tsaya a kan abin da nassi ya ambata. Wasu sun yi ƙiyasi suka ce in an halatta kare don tsaron tumaki da hatsi, halatta shi don tsaron gida in akwai buƙata bai zama baƙon abu ba, kuma wannan ne Imam Nawawi ya rinjayar.

Mu da muka tashi da karatun Risala mun san mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya rubuta cewa ba a riƙon kare a gidajen birni. Amma masu sharhi sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro a kansa, shi da kansa ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. To magidancin da ke barin mace da yara a bakin daji a wannan zamani namu, ban ga wanda zai ce ba shi da buƙata ba.

Sai maganar najasa. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta muka taso a ƙasar Hausa, duk mai rai tsarkakke ne, har da kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne, abin da malamai ke kira ta'abbudi, ba don ruwan ya zama najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ganin najasa ne mai kauri, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Fitsarinsa da kashinsa najasa ne, kuma ruwa yana tsarkake wurin.

Sai dai ina jan hankalin mai tambaya. Halaccin ajiye kare daban, haƙƙin mai gida daban. Gidansa ne, in ya gindaya sharaɗi yana da damar hakan, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda ya ce a yi ƙarya a karɓi makulli ya ba da shawarar ha'inci, ya nemi gafarar Allah. Haka nan maƙwabci yana da haƙƙi. Karen da zai hana marar lafiya barci ko ya firgita yara a hanyar makaranta cutarwa ne, addini kuwa ya hana cuta ya hana cutarwa.

Abu Safwan

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru. Amma hadisin mala'iku fa, shi ma ai ingantacce ne.

Malam Na Zaure

Ingantacce ne, ɗan'uwa, babu mai musu. Imam Khaɗɗabi, ɗaya daga cikin masu sharhin hadisi, ya ce hadisin yana magana ne a kan karen da aka hana riƙewa, ban da wanda shari'a ta yi izini da shi. Nawawi ya ce ya game kowane kare. Saboda wannan saɓanin nake cewa a bar shi can kusurwar gida kusa da katanga, nesa da ɗakuna da wurin salla. Shawararka ta ɗaukar maigadi ma ba ta da laifi ga mai hali, sai dai ba kowane albashi ne zai ɗauki haya da maigadi tare ba.

Barista

Ta fuskar doka, babu abin da ya tilasta wa mai gida a Najeriya ya ba mai kare haya, don haka naka roƙo ne. Wanda ya ce in kuɗi ya shiga aljihu shi ke nan, ya sake tunani. In takardar yarjejeniya ta hana ajiye dabba, ka sa hannu sannan ka kawo, ka karya sharaɗi kuma ka miƙa masa hujjar zuwa kotu. Ko bai je ba, zai jira lokaci ya ba ka notis. A ƙa'ida ɗan hayar shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, na wata-wata kuma wata 1, sannan a biyo da na kwana 7 kafin a shigar da ƙara, sai fa in yarjejeniyarku ta faɗi wani wa'adin daban. Ka ga cikin ɗan lokaci za ka sake biyan la'ada da kuɗin lauya da na motar kwasar kaya, yara kuma a sake musu makaranta.

In Allah ya sa ya amince, kada ku bar ta a baki. Dattijo na iya amincewa yau, gobe ɗansa ya karɓi kula da gidajen ya ce bai san zancen ba. A rubuta cikin yarjejeniyar, ko a takarda daban da za a haɗa da ita, ku sa hannu da shaidu. A faɗi cewa kare ɗaya ne, a siffanta shi, ba za a ƙara wani ba. A rubuta cewa duk cizo ko ɓarnar da ya yi wa wani, kai za ka ɗauki magani da diyya. Dama a doka alhakin yana kan mai riƙe da karen, musamman in ya san ya taɓa kai wa mutum hari, amma ganinsa a rubuce yana kwantar wa mai gida da hankali. A rubuta kuɗin ajiya na gyara, nawa ne, da lokacin da za a mayar maka in babu ɓarna, kuma ku ɗauki hotunan ƙofofi da bango da tsakar gida ranar karɓar makulli.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne mafita. In ƙorafi ya zo daga maƙwabta, me zai biyo baya? Shawarata a rubuta cewa karen ne zai bar gidan cikin wa'adin da kuka yarda, iyalinka kuwa su ci gaba da zama har ƙarshen hayarsu. Wannan yana tsare ka, kuma yana sauƙaƙa wa Alhaji cewa to, domin ya san in abin bai yi ba, ba sai ya shiga shari'a da kai ba.

Anti, daga Manchesta

A nan Ingila ma masu kare suna shan wahalar samun haya, duk da irin son da suke yi wa karnuka. A 2025 majalisa ta yi dokar da ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba a rubuce, mai gida kuma ba zai ƙi ba sai da dalili mai ƙarfi. Na san wannan ba dokar Kaduna ba ce. Amma akwai abu ɗaya da suke yi wanda zai yi maka amfani: suna karɓo shaida daga tsohon mai gidansu. Ka roƙi mai gidanka na Bukuru ya yi magana da Alhaji ta waya, ya gaya masa yadda ka riƙe gidan da yadda kuka zauna da maƙwabta. Mai gida ya fi yarda da bakin mai gida ɗan'uwansa.

Dillali, Mando

Baba ya ɗan taɓa mu, amma da gaskiyarsa. Mu in mai gida ya ce a'a ba ma ja, don gobe ma muna son ya ba mu gida. Ƙanina, ga abin da zan ƙara maka daga cikin sana'a. Gidajen gefen gari masu gona a baya ba sa saurin samun ɗan haya mai iyali, kuma in suka zauna babu kowa ɓarayi ne ke cire wayoyin wuta da tagogi da sumo na burtsatse. Alhaji ya san wannan sarai. Kai kuma ma'aikacin burtsatse ne. In gidan yana da rijiya, ka ce kula da ita da gyaran sumo ka ɗauke masa muddin kana ciki. Wannan ya fi ƙarin kuɗi daɗin ji a kunnen dattijo. Amma kada ka daina neman wani gidan kafin ku gana, kuma duk dillalin da ka samu ka gaya masa zancen karen tun a waya, kada ka ɓata kuɗin mota.

Mai tambaya

Assalamu alaikum. Na dawo in gaya muku yadda ta kaya, tunda kun ba ni lokacinku.

Kawun uwargida da ke Kawo ya san limamin masallacin da Alhaji yake salla, shi ya yi mana iso muka je tare. Na yi yadda Baba ya ce, na gaishe shi na ce na ji saƙo kuma ban zo jayayya ba, dalili kawai nake roƙon ji. Ashe ba najasa ba ce, ba kuma ɓarnar gida ba. A jikin katangar gabas akwai makarantar allo. Tun da Alhaji ya haƙa burtsatse a gidan ya yi wa malamin izini almajirai su riƙa shiga ɗiban ruwa safe da yamma, sadaka ce ga mahaifiyarsa da ta rasu, kuma duk ɗan hayar da ya zauna da wannan sharaɗin ya zauna. Dillali bai ma gaya mini ba. Alhaji ya ce in kare ya shigo, ko dai ruwan ya yanke ko a ciji ɗan mutane, kuma duka biyun ba zai iya ɗauka ba.

Na ce masa ranka ya daɗe, wannan aikina ne. Zan ja bututu daga tanki in huda katanga in kafa famfo a waje ta gefen makarantar, da dakalin siminti da magudana, yara su ɗebi ruwansu ba tare da sun shigo ba. Na nuna masa katin allura da zanen keji, mai gidana na Bukuru kuma ya yi masa magana ta waya a gabanmu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shi ba zai yanke ba sai malamin makarantar ya yarda, don yaran amana ne a hannunsa. Muka je wurin Malam. Shi ya ma fi son famfon waje, ya ce dama shigar yara gidan matan aure tana damunsa. Abin da ya nema shi ne a ƙara tsawon katangar baya, domin akwai bishiyar mangwaro kuma ya san halin yaransa, sannan kada a saki karen sai an tashi daga karatun dare. Na yarda. Alhaji zai sayi bulo, ni zan biya magini.

Maman Iman

Alhamdu lillahi. Don Allah a kula da maganar asuba ma, almajirai da wuri suke fitowa ɗiban ruwa. A mayar da shi keji kafin kiran salla.

Barista

Madalla. A saka zancen ruwan a takarda shi ma: wa zai biya wutar da ake jan ruwa da ita, wa zai sayi sabon sumo in wannan ya ƙone, kuma famfon na gidan ne in ka tashi. Makaranta guda tana shan ruwa da yawa, kada ka ɗauki abin da zai fi ƙarfinka.

Mai tambaya

An rubuta, Barista. Wuta da aikin gyara nawa ne, sayen sabon sumo na Alhaji. An kuma sa cewa in ƙorafi ya zo daga Malam ko maƙwabta, zan fitar da karen cikin wata guda. Mun sa hannu, Liman da kawu ne shaidu. Hajiya, na gaya wa uwargida maganar asuba. Iyali za su fara tarewa, Duna sai an gama katanga da keji. Likita, bai taɓa doguwar tafiya a mota ba, yaya zan yi da shi daga Bukuru?

Likitan dabbobi, Zariya

Ku fito da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kada a cika masa ciki kafin tafiya don kada ya yi amai, amma a tafi da ruwa. A sa shi a keji mai shan iska, ko a bayan a-kori-kura da inuwa a kansa, kada a rufe shi a but. Ku tsaya a wajen Saminaka ko Pambeguwa ya sha ruwa ya taka ƙasa, yana riƙe da igiya a hannunka. In za a yi fiɗiyar, a yi ta tun yanzu a Bukuru ya warke kafin ranar. Ku taho da tsohon buhun da yake kwanciya a kai da kwanon abincinsa, zai fi saurin sabawa da sabon kejin.